Kwanakin da Inna Ta Riƙe Wayata

Litinin, bayan azahar

Madam Hafsatu, sajfam ɗin matanite, ungozomar asibitin haihuwarmu, ita ta ba ni kayen nan, littafin rubutu, da bik. Ta ɗaura mini abin awon tansiyo a dantse, ta matsa, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Sannan ta zare tabarau ta ce, "Naja'atu, yaushe rabonki da barci?" Na ce ina yi. Wayata na cikin jaka tana ta ƙara, saƙo na bin saƙo, ni da ita duk muna ji. Ta kalli jakar, ta kalle ni.

Ta san labarin, duk Malbaza an sani. Motocin siminti sun tashi ayari guda zuwa yamma, maigidana na cikin direbobin, kuma tun Alhamis ɗin da ta wuce babu wanda ya ji muryar ko ɗaya daga cikinsu. Zaidu. Na rubuta sunan, kaye ba shi da bakin da zai ce ba ni da kunya.

Madam ta tuna mini abin da ban manta ba. Cikina na fari, yana wata takwas jijjiga ta kama ni. Na farka an riga an rufe yarinyar, ko fuskarta ban gani ba. Wanga ya shiga na tara. Ta ce jinina ya hau inda ya hau wancan karo, kuma ƙwayar da za ta ba ni ba ta da wani amfani in da vokal, saƙon muryar waya, nike kwana, da vokal nike tashi.

"Ki aje wayar nan," in ji ta. "In hannunki ya yi ƙaiƙayi ki ɗauki bik, ki rubuta abin da idonki ya gani cikin gidanki. Abin da kinka gani fa, ba abin da anka ce ba."

To ga shi na rubuta. Idona ya ga ƙafafuna sun kumbura, silifa ba su shiga.

Litinin, magariba

Ban aje ba.

Talata, la'asar

Laifin lakwal ne, karatun boko. Duk matan direbobin unguwarmu ni kaɗai na taka kolej, saboda haka duk rubutun da ya faɗo cikin gurup ɗinmu na waya da Faransanci ƙofata yake nufa. Vokal kowa na ji da kunnenta, amma rubutu sai Naja'atu. Tsahara, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita ce sarkin kawowa. Mijinta Muttaƙa ma na cikin ayarin. Ko baki ban wanke ba yau ta faɗo, waya a hannu, goyo na reto a baya: "Karanta muna wanga, an ce daga buro ya fito!" Na karanta. Ba daga wani buron hukuma ya fito ba, ko hatimi babu, wanda ya rubuta shi ma da gani maitir, malaminsa na lakwal, ya sha wahala da shi. Amma sai da na karanta, na fassara musu, sunka sa salati, ni ma na sa.

Da safe wani mai kakkaurar murya ya ce an ƙone motocin duka, babu wanda ya fita. Da hantsi wata mata ta ce ƙanen mijin maƙwabciyarta ya gan su a barikin soja suna cin shinkafa da wake. Bayan azahar hoto ya shigo, mota a ƙone, baƙa ƙirin. Na yi ta buɗe hoton da yatsa biyu har yatsun sunka yi tsami, ina neman shuɗiyar ƙofar motarsa. Lambar ma ba ta ƙasarmu ba ce. Na gane haka tun kallon farko, kuma na sake kallo, na sake, na sake.

Kowane vokal da "jama'a a yaɗa saboda Allah" yake farawa. Allah ya isa tsakanina da mai kakkaurar muryar nan, ko wane ne shi, ko a ina yake zaune yana kurɓar shayinsa.

Abin cikin bai motsa ba tun safe. Na sha ruwan randa, na kwanta ta hagu yadda Madam ta koya mini, na dafa na jira. Shiru. Ina jin tsoro. Wallahi ina jin tsoro.

Talata, bayan magariba

Ya motsa. Sau ɗaya, a hankali. Na yi kuka har na ji kunyar kaina.

Laraba, la'asar

Inna Kubura, uwar maigidana, ta iso daga Dogarawa. Taksi ya aje ta bakin hanya da kwallar kayanta da buhun wake wanda ba a ɓare ba. Ta tarar da mata cike da tsakar gidana, kowace waya na nata surutu, ni a tsakiya na riƙe kai, don tun safe wasu ƙananan taurari ke gilmawa a idona. Haka sunka fara wancan karo.

Inna 'yar ƙarama ce, taɓarya ta fi ta tsawo. Ba ta yi faɗa ba. Ta gaishe su ɗaya-ɗaya, ta tambayi ɗiyan kowa, sannan ta ce, "To madalla, mun gode. Kowa ta ɗauki tarhonta ta kai shi gida shi huta." Tsahara ta ce ai labarin mazanmu muke bi. Inna ta ce, "Naki ki bi shi a ɗakinki. Wanga gida na Auta ne, ni na haife shi, kuma ban aiki kowa ba." Auta take ce wa maigidana, shi ne na ƙarshe a ɗakinta.

Da sunka watse na gaya mata abin da Madam ta ce, har da zancen taurarin. Sannan na miƙa mata wayar da hannuna. Babu wanda ya ƙwace. Ina so in rubuta wannan, don kar gobe in ce tilasta mini anka yi.

Ta ce, "Ƙofa guda za mu bari. Yayanku Abarshi kullum yana tsakanin gidan mai motar da buron jandarma. In abu ya tabbata, da ƙafarshi zai shigo shi faɗa miki. Abin da bai tabbata ba, ba naki ba ne." Ta naɗe wayar a tsumma, ta tura ta ƙasan kwallarta, ta rufe. Batir ɗin rediyo ma ta zare, ta ce tocila ta fi bukatarsa.

Alhamis, asuba

Hannuna sai zuwa yake ƙarƙashin matashi. Ya san babu komai a wurin, amma yana zuwa.

Alhamis, la'asar

Inna ta zazzage waken a tabarma ta ce da hannu za mu ɓare, kwanso-kwanso. Na ce Inna, ai a turmi ake bugawa a sheƙe, kamin azahar an gama. Ta ce, "Sauri kike? Ina za ki?" Tsohuwar nan, Allah ya bar muna ita.

Abin da idona ya gani yau. Kazar nan mai ɗingishi ta kori muzurun maƙwabta har kan katanga, ban taɓa sanin tana da wannan zuciyar ba. Zogalen bakin randa ya yi fari fat da ƙurar siminti, Inna ta bi shi da ruwa ganye-ganye tana yi masa sannu. Cikin wani kwanso na samu tsutsa ta cinye ƙwaya uku ta kwanta a gurbin ta huɗu.

Kunne ne ba shi da murfi. Duk babbar motar da ta taka birki a hanyar Konni sai in tsaya da kwanso a hannu ina jiran hon ɗinsa. Sai motar ta wuce, Inna ta turo mini wani tulin waken.

Juma'a, hantsi

Ina shanya sai ga kan Tsahara ta saman katanga, ta taka turmi. Murya ƙasa-ƙasa: "Naja, Naja, an ce wai..." Ƙafata har ta ɗaga za ta nufe ta, ba zan ɓoye ba. Sai muryar Inna daga madafa: "Tsahara, in an-ce ɗin nan abin ci ne, kai ma ɗiyanki." Kan ya nutse. Na ji turmin ya faɗi, na ji ta tana tsinar turmin.

Na yi dariya, ta farko tun tahiyarsa. Bayan dariyar kuma na yini ina tunanin mi anka ce.

Asabar, bayan azahar

Tansiyo ya sauka kaɗan. Madam ta ce, "Yawwa, ko ke fa!" Ta ɗora abin saurarenta a cikina ta ce zuciyar na bugawa daidai.

Da munka dawo na yi barci har da miyau. Na farka da kunya, kamar na ci amanarsa. Ni a katifa, shi ko tabarma yana da ita? Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Rashin barcinki ba shi juyo da mota. Barcinki kuwa jikana ke yin nama da shi. Koma ki ƙara."

Lahadi, la'asar

Yaya Abarshi ya zo. Ya shigo har tsakar gida, ya zauna, ya shanye kwanon fura, ya ce ba labari tukuna, amma ana nema, kuma rashin rezo na waya a can ba sabon abu ba ne. Ya tsokane ni, wai cikin nan nawa in ba tagwaye ba ne to buhun siminti na haɗiye. Na ce Yaya ka ji tsoron Allah.

Na lura yau ban jira hon ba sai sau kaɗan. Ban san ko abin murna ne ba.

Talata, la'asar

Yaya Abarshi ya zo, bai shigo ba. Daga ƙofar gida ya yi sallama ya ce Inna ta zo. Na ɗaga murya na ce ya shigo ga fura, ya ce sauri yake. Sun daɗe. Ban ji komai ba, ban kuma matsa kusa da ƙofar ba, na zauna inda nike.

Da Inna ta dawo buta ta ɗauka, ta zaga bayan gida. Can ma ta daɗe. Ta fito fuska a wanke, ta ce masu ɗaurin hatsi suna yi mata ɓarna a gona, dole ta je Dogarawa ta tsaya a kansu, kwana biyu ko uku.

Na ce, "Inna, ba labari?"

Ta ce, "Kin ga Abarshi ya shigo?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To."

Ta tahi da kwallarta. Ban san mi mai zuwa gona za ta yi da kwalla ba.

Laraba, magariba

Tsahara ce ke zaune da ni, Inna ta roƙe ta. Tsahara! Wadda in akuya ta yi atishawa can garin Alela sai ta zo ta gaya mini launin akuyar. Yini guda ba ta ce "an ce" ba ko sau ɗaya, wayar ma ba ta zo da ita ba. Ta ba ni labarin haƙoran goyonta, ta ba ni labarin wani sabulu mai cin hannu, ta koma kan haƙoran. Na ce, "Ke lafiyarki kuwa?" Ta ce Inna ce ta ja mata kunne.

To ai ni na nema. Ni na ce a yi mini shiru, an yi mini.

Alhamis, asuba

Wani ya yi tari bayan katanga, a gidan Tsahara. Tari da kaki, irin na mai shan taba.

Alhamis, hantsi

Ta ce ƙanenta ne ya zo daga ƙauye. Ashe ƙanenta ma irin tarin Muttaƙa yake yi. Tana faɗa tana gyara ɗaurin goyo, goyon da ko motsi bai yi ba.

Juma'a, la'asar

Inna ta dawo. Muryarta ta dishe, da kyar take fita. Ta ce ƙaiƙayin hatsi ne ya shige mata maƙogwaro. Ta kawo mini ƙuli-ƙuli da gyaɗa sabuwar tona. Ta zauna ta ba ni labarin jakin liman da ya kwance ya faɗa kan damen zakka, ana korarsa liman na cewa a bar shi, shi ma miskini ne. Ta yi dariya sosai, ta fi ni dariya. Inna ba mai yawan dariya ba ce.

Abin da idona ya gani yau: ta rame. Kwana uku kacal, zanen ya zagaye ta ya yi saura.

Asabar, hantsi

Na fito wanka na miƙa hannu inda kwalbar turarena take, babu. Inna ta ce ƙamshi na tada tansiyo, ta adana. Na nemi kwalli, ta ce mai ganin taurari ba ta sa komai a ido. Bayan karin kumallo ta ce in cire 'yan kunne da awarwaro, wai ba a shiga ɗakin haihuwa da ƙarfe, gara in saba tun yanzu. Lallen da na ce a kwaɓa mini don ƙafafun nan su yi kyan gani ko da a kumbure, ta ce sai bayan an sauka lafiya.

Wancan cikin da 'yan kunnena na shiga matanite, babu wanda ya ce uffan.

Na cire na ba ta. Ta karɓa da hannu biyu.

Lahadi, bayan azahar

Yau kwano uku ya shigo gidan nan, daga gidaje uku. Matar mai gyaran taya, wadda ko gaisuwar kirki ba ma yi, ta zo ta ɗauki tsintsiya ta share mini tsakar gida tas. Kowa ta shigo sai ta ce, "Ya jiki? Allah ya raba lafiya," ta zauna kaɗan, ta kalli ƙasa, ta tashi.

Na san wannan zaman. Lokacin da mijin Ummul-Khairi ya rasu a hanyar arewa, an san labarin tun safe, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Haka ake yi, ba a jefa wa mace irin wannan magana a tsaye. Munka je ɗaya-ɗaya, wata da kwano, wata da tsintsiya, muna ce mata an ce jikin nasa ne ya ɗan matsa, har manya sunka iso da la'asar. Ni na wanke mata kwanuka ranar.

Amma kuma mai tsohon ciki ma ana kawo mata kwano. Mai tansiyo ma ana yi mata shara. Madam da bakinta ta ce kar in duƙa. Duk abin da na gani yana da dalilinsa, kowanne. Da can labari ne ya yi mini yawa har ban san na gaskiya ba. Yanzu shirun ne ban iya karantawa, ni da ake kawo wa karatu daga unguwa guda.

Kaina na sarawa ta gefen dama. Zan kwanta.

Litinin, hantsi

Ko gaishe ta ban yi ba. Na ce, "Inna, ba ni wayata."

Ta ɗago daga tankaɗe ta dube ni. Sai bakina ya ɓalle. Na ce ni ba yarinya ba ce. Na ce kun mai da ni mahaukaciya cikin gidana, kowa na shigowa yana sunkuyar da kai. Na ce ɗanki ne, na sani, amma ni ma mijina ne. Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa uwar miji, da ƙarfi, har na ji gidan Tsahara ya yi tsit. Taurarin sun dawo, sun fi na ranar nan yawa.

Ta aje rariya. Ta kakkaɓe hannu, ta shiga ɗaki, ta fito da tsumman, ta kwance, ta aje wayar a tabarma tsakanina da ita.

"Ga ta," in ji ta. "Da hannunki kinka ba ni, ba ni hana ki. Kuran ma akwai, lantarki bai ɗauke ba, ki sa ta ta sha wuta. Abu guda nike roƙo. Kamin ki ɗauka, dafa cikinki ki tambaye shi."

Na zauna ina kallon ta. Baƙin gilashi, da tsagar nan ta gefe. Na san saƙonni sun taru a ciki kamar ƙudaje. Na san in na kunna, kamin ruwa ya tafasa na ji komai. Na kuma san abin da ke biyo baya, don na taɓa zuwa can: haƙora a datse, harshe a tsage, in farka in shafa ciki in ji shi wayam.

Ban ma kai ga dafawa ba ya harba. Ba a hankali ba, da ƙarfi, a haƙarƙari, har na ce wash.

Na ce, "Mayar da ita, Inna."

Tana ɗaure tsumman, ƙullin ya yi ta kwancewa. Ban tambaya ba, ba ta faɗa ba. Duk wanda ya ga kayen nan wata rana ya ce ba na son mijina, oho, shi ya jiyo. Wanda ke cikina shi ne hannuna ke iya kaiwa gare shi. Da magariba na durƙusa yadda cikin ya bari na roƙe ta gafara, ta ce in tashi in ci tuwona kamin ya huce.

Talata, la'asar

Akwai wata magana tsaye a bakin ƙofar kaina. Ina jin ta, ban buɗe mata ba. In ta matsa sai in fara kiran sunan abin da ke gabana a fili: turmi, randa, igiyar shanya, zogale, kaza. Inna ta ji ni yau, ta ce, "Kin manta da ni." Na ce, "Inna." Ta ce, "Na'am."

Na fara saƙa hula da farin ulu. Ta yi girma, kan ɗan maraƙi zai shiga. Na warware na sake.

Laraba, hantsi

Wake ya ƙare. Inna ta fita ta aro wani buhun, na mutane, mu ɓare musu.

Alhamis, bayan azahar

Awo. Hanyar matanite ta bakin tasha take bi, inda direbobi ke zama ƙarƙashin rumfar mai shayi. Kullum in na gilma sai wani ya ɗaga murya, "Madam, a gaida maigida, a ce masa ya rage gudu!" Yau da sunka hango mu hira ta mutu. Wasu biyu sunka miƙe tsaye. Inna ta koma ɓangarena na dama ta tare ni da jikinta, wai rana ce take kare mini, ita da ko kafaɗata ba ta kai ba.

Na kalli ƙafafuna har munka wuce. Dama a gaba, hagu a gaba. Silifar Inna ta tsinke, an ɗaure da waya.

Madam ta auna, ta sake aunawa, ta ce tansiyo bai hau ba. Ta riƙe hannuna ya fi na kullum daɗewa, ta ce, "Saura ƙiris, Naja'atu. Ki riƙe yadda kike riƙewa." Kan abin cikin ya sauko, in ji ta.

Juma'a, asuba

Ina jin tsoro. Na haihuwar nike nufi. Na haihuwar kawai.

Asabar, la'asar

Hula ta yi daidai wanga karo. Inna ta sa ta a dunƙulen hannunta tana yi mata magana, wai, "Sannu maigida, yaushe za ka fito ka ba ni na cefane?" Sai ta aje hular, ta ce bari ta duba wuta. Ba mu hura wuta ba tukuna.

Lahadi, hantsi

Marata na ciwo tun asuba, yana zuwa yana tahiya. Inna na haɗa kaya. Ya Allah, ka ga abin da na bari don wanga. Ka bar mini shi.

Litinin, la'asar, a matanite

Namiji. Ya yi kuka, da ƙarfi, duk ɗakin an ji. Idona biyu daga farko har ƙarshe, ban yi jijjiga ba, na ga fuskarsa tun kamin a goge shi. Ina ta kallo. Kunnuwansa manya.

Yaya Abarshi ya zo ya yi masa kiran salla a kunne. A tsakiya muryarsa ta karye, ya tsaya, ya sake daga farko.

Laraba, bayan wankan safe

Mun dawo gida jiya. Tansiyo ya sauka, yaron ya kama nono. Yau bayan Inna ta gama yi mini wankan jego, ta zauna bakin katifa da shi a cinya, na ce, "Inna, na sauka. Yanzu faɗa mini."

Ba ta ce a jira Abarshi ba. Ta ce, "Auta ya riga mu gidan gaskiya, ɗiyata."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bakina ne ya faɗa, ni ina can wani wuri ina saurare.

Tun ranar farko ya rasu, tun kamin vokal na farko ya shigo wayata. Talatar nan da Yaya ya tsaya a ƙofa ne labarin ya tabbata. Muttaƙa ya tsira, kuma da hannunsa anka sa maigidana a ƙasa, can. Ban tambayi yadda abin ya faru ba. Madam ce ta ce wa Yaya in na ji kamin in haihu, gawa biyu za su ɗauka, tawa da ta yaron. A Dogarawa anka yi zaman makoki. Babu wata ɓarna a gona.

Na ce, "To takaba fa? Yaushe zan shiga?"

Ta ce, "Kin shiga, kin fita. Liman ya ce takabar mai ciki haihuwa ce ƙarshenta. Shi ya sa na ɗauke miki turare da kwalli da ƙarahunanki, don ki yi ma mijinki abin da ake yi, ko ba ki sani ba. Ranar Litinin ta ƙare, da kukan wanga."

Na kalli cinyarta. Yaron na barci, bakinsa na tsotson iska.

Sai ta ce, da wannan disasshiyar muryar, "Ni dai ban yi nawa ba. Can Dogarawa tsoro nike idona shi kumbura in dawo ki gani, sai na yi ta haɗiyewa. A nan kuwa ba dama. Kin sallame ni in yi?"

Na ce, "Na sallame ki, Inna."

Ta miƙo mini yaron a hankali, ta gyara masa hula, ta tabbata na riƙe kansa da kyau. Sannan ta fara.

Tana ɗakin can har yanzu tana yi, tana kiran Auta. Ni nawa bai zo ba tukuna. Bari in aje bik, in ɗauki jikanta, in je in zauna kusa da ita.